Jakar Hajiya Fanna a Gidan Sukari

Safiatou Habibou ba ta da tsawo, ba ta da murya, kuma in ka gan ta da safe a tashar bas cikin ƙatuwar rigar sanyinta mai ruwan toka, sai ka rantse buhun gero ne aka sa wa takalmi. Na faɗa mata haka a gaban idonta, kada wani ya ce gulma nake. Shekara ashirin da biyu muna bene ɗaya a unguwar Morrisania ta Bronx, ita a hawa na huɗu, ni Iyatu a na uku, duk abin da ta ɗora a wuta hancina ne ke fara sani. Abin da hancin nan bai taɓa shaƙowa ba shi ne irin riƙon da ke cikin matar. Ni ma ba baya ba ce wajen riƙo, har yau ban yafe wa telan da ya ɓata min leshi a Zariya ba, shi kuwa ya daɗe a kabari. Amma a gaban Safiatou ni ɗaliba ce.

A Damagaram aka haife ta, ɗiyar maƙerin azurfa. Tun tana 'yar shekara bakwai take zama gefen ubanta tana goge zobba da awarwaro da toka da lemon tsami, har idonta ya kai ga gane aikin hannu tun daga nesa, ya san wane ƙarfe ne na gaske, wane ne aka yi wa wanka. Lakwal, wato boko, kaɗan ta yi. A shekarar 1998 aka kawo ta New York aikin gida wajen Hajiya Fanna, 'yar Maiduguri, wadda mijinta ke aiki a ɗaya daga cikin ofisoshin jakadanci.

Hajiya Fanna mace ce mai jiki, mai murya, humrarta na riga ta shiga ɗaki da minti biyu. Tana da wani hali guda wanda 'yar aikinta kaɗai ta sani: duk liyafar da ta je, jakarta ba ta dawowa da nauyin da ta fita da shi. Cokalin otal, ɗan tawul, kofin shayi mai bakin zinare, duk ta kwaso, Safiatou ta wanke ta jera mata a durowa. In ta ga yarinyar na kallon kayan sai ta ce, “Ke, tsaraba ce. A bikinmu abin da aka ajiye gefen farantinki ba naki ba ne?” Gaskiya ta faɗa, a bikinmu haka ne. Sai dai ita duk duniya bikinmu ce a wajenta.

Watan Janairu na shekarar da ta biyo, aka yi suna a gidan, mata kusan arba'in a falo. Ana cikin cin abinci Hajiya ta sauko tana kururuwa wai awarwaronta na zinare ya ɓata. Ta kira Safiatou tsakiyar falo, ta sa aka ɗauko jakarta, ta kama gindin jakar ta zazzage a kan kafet. Zani biyu, carbi, hoton uwarta, da rigunan ciki waɗanda aka yi wa faci. Wata ta ɗaga ɗaya da yatsa biyu, mata suka fashe da dariya. Ba a ga awarwaro ba. Hajiya ta ce, “Ta riga ta miƙa wa wani. Ai irinsu sun iya.” Kafin la'asar yarinyar na waje cikin ƙanƙara da jakarta da silifa. Ina wurin. Ban yi dariya ba, amma ban buɗe baki ba, shinkafa nake ci, kuma shinkafar ta yi daɗi. Wannan nawa laifin ne, na san shi.

Wata 'yar garinsu ce ta ba ta wurin kwana. Daga nan ta faɗa Canal Street tana tallar gyale da hulunan sanyi a gefen hanya, kusa da teburin Harouna Yacouba, mutumin Maraɗi, wanda yake furta kalma goma a yini, takwas daga ciki farashi ne. Ban san yadda ya yi ya nemi aurenta ba, ina jin da hannu ya nuna. Suka haifi ɗiya ɗaya, Hidaya.

Da sanyin titi ya fara cin gwiwoyinta, sai ta shiga wani kamfanin shara, aka tura ta wani tsohon gida a bakin kogi, can arewacin Bronx inda masu hali suke. Wani attajirin sukari ne ya gina shi tun zamanin kakannin kakanninmu, ɗaki talatin da wani abu, zuri'arsa ta ƙare, aka mai da shi wurin kallo, ana shiga da tikiti. Mu Gidan Sukari muke ce masa. Shara aka ɗauke ta, amma wata rana ta ga wata butar shayi ta azurfa ta yi baƙi kamar gindin tukunya, hannunta ya ƙi haƙuri. Da manajar gidan ta ga butar washegari sai ta tambayi wa ya taɓa, Safiatou ta ɗauka korarta za a yi. Shekara goma sha bakwai ke nan duk wata azurfa ta gidan a hannunta take, da makullan kabad, da farin safar hannu, Turawa na kiranta Mis Safi. Wadda aka kora kan awarwaro ɗaya.

Sai dai Turawa ba su ne mutanenka ba. A cikinmu sunan ɓarauniya bai bar ta ba. In ta zauna a gidan biki, sai ka ga mace ta jawo jakarta ta ɗora a cinya, wai gyara zama take. Ba a taɓa ba ta tsaron kayan amarya ba, ba a taɓa barinta ita kaɗai a ɗakin mai jego ba. Kuma abin da zai ƙona ka shi ne, shekara biyu bayan korar, a filin Idi, ta hango awarwaron a hannun Hajiya Fanna. Ta gane shi, don mahaɗinsa ya taɓa karyewa, ita ta ɗaure shi da siririyar wayar azurfa irin ta ubanta. Da ta gaya min na ce mu je mu tsaya a ƙofar matar mu tara mata jama'a. Ta ce, “Iya, wa zai yarda da ni? Za ta ce wani ta saya. Bon, Allah na nan.” Na ɗauka ta haƙura ke nan. Ashe ajiya ta yi.

Hidaya ta girma ta zama nas. Ta jajibo wani dogon yaro mai suna Fu'ad, mai aiki a kantin magani, wanda nake kira angona duk da kunnuwansa sun yi masa yawa. Ubansa Alhaji Sanusi, tsohon ma'aikacin wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa, mutum ne mai kirki, uwarsa Hajiya Rafia ma haka. Komai na tafiya daidai har aka sa ranar da manya za su zo neman aure. Sai aka ɗaga. Aka sake sawa, aka sake ɗagawa. Ashe Alhaji Sanusi ƙanin Hajiya Fanna ne, ciki ɗaya, ita ta goya shi, kuma ko gemunsa ya kai cibiya ba ya tsallake maganarta. Ita kuwa ta ce jinin sata ba zai shiga gidansu ba. Alhaji ya gaya wa ɗansa cewa in sabuwar shekara ta shigo Yaya ba ta sauko ba, to ya nemi wata.

Hidaya ta yi kuka har ta sama ta ji, ta ƙasa ta ji, wato ni. Harouna ya ce a ɗauki liman a je a ba Hajiya haƙuri.

“Haƙurin me?” in ji Safiatou. “In na ba ta haƙuri ai na ce na ɗauka ke nan. Ɗiyata ba za ta shiga gidan miji da sunan ɗiyar ɓarauniyar da aka yafe wa ba.”

Harouna ya gama kalmominsa na ranar.

To, kowane Disamba ana yi wa Gidan Sukari adon Kirsimeti, mutane na layi don su gani. Kafin a buɗe wa jama'a, akwai yini guda da ake ware wa iyalan ma'aikata, a ba kowane ma'aikaci katin gayyata mai rubutun ruwan zinare, a sha shayi, a ci kek. A ranar ne kaɗai ake cire jan igiyoyin da ke tare ɗakuna, don iyali su matso su ga aikin 'yan'uwansu da kyau. Shekara goma sha bakwai Safiatou ba ta taɓa gayyatar kowa ba sai mijinta da ɗiyarta. Bana ta karɓi kati uku. Ta ba ni ɗaya. Ta kira Fu'ad ta miƙa masa biyu.

“Ɗaya na iyayenka, ɗaya na gwaggonka. Ka ce mu ma muna can, a ga juna.”

“Mama, Gwaggo fa ba za ta zo ba.”

“Ka nuna mata katin kawai. Ka tabbata ta taɓa shi da hannunta.”

Da ya fita na ce, “Ke, me kike dafawa?” Ta ce, “Komai, Iya. Ke dai ki zo da bakinki.” Sannan ta ba ni labarin teburin da take shiryawa, na fahimci inda aka dosa.

Ranar Asabar da azahar muka isa. Gida dai gida ne, ba zan rage masa ba. Tun daga ƙofa an naɗe ginshiƙai da ganye kore, ƙamshin itace da lemo da kanumfari ya cika ko'ina. A zauren farko akwai wata bishiya da ta kai rufi, an rataya mata ƙwallayen gilashi da 'yan tsuntsaye da fitilu, wani ɗan jirgin ƙasa na wasa yana ta zagaya gindinta yana busa, ba fasinja, ba tasha. Wuta na ci a murhu uku. Harouna da ya ga kafet ɗin sai ya sunkuya zai cire takalmi, Hidaya ta riƙe shi tana yi masa raɗa da Turancinta na hanci. Alhaji Sanusi ya dubi bishiyar ya ce a hankali, “Mu dai kallo muka zo,” kamar wani ya ce ya yi mata sujada.

Hajiya Fanna ta zo, mana. Mijinta ya rasu, liyafar manya ta daɗe da daina nemanta, kati mai ruwan zinare kuma ba ya zuwa kullum. Ta zo a makare, bayan manajar ta gama jawabin maraba, wanda a cikinsa ta ce a duba da ido kada a taɓa komai. Lafaya ruwan goro, zinare wuya da hannu, jaka kamar ta mai zuwa Hajji. Wayarta na sama tana ɗaukar bidiyo tana cewa, “Ga mu nan an gayyace mu, wallahi ba su barin mutum ya huta.”

Sai ga Safiatou ta sauko daga bene, baƙar riga, farin kallabi, farin safar hannu, makullai a ƙugu, oba-oba a hannu. Ta durƙusa ta gaishe da Alhaji da Hajiya Rafia, sannan ta juya.

“Hajiya, barka da zuwa. Kin sha hanya.”

Fanna ta dube ta daga sama har ƙasa, ba wani nisa ba ne. “Au, ashe nan kike sharar. To madalla. Suna dai ƙirga kayansu ko?”

“Kullum, Hajiya.”

Muka zaga. Ɗakin littattafai, ɗakin kiɗa, ɗakin kwanan uwargida mai gadon da ko ni sai da tsani. Hajiya Fanna na gaba tana bayani, wai irin wannan labulen ta gani a Jeniba, irin wannan agogon mijinta ya so saya. Hajiya Rafia na biye tana “haka ne, Yaya.” Angona na baya da Hidaya, tsakaninsu tazarar mutum biyu, fuskokinsu kamar masu rakiyar gawa.

Ɗakin cin abinci ne ƙarshe. Nan aikin Safiatou yake. Dogon tebur na mutum ashirin da huɗu, an shirya shi yadda matar attajirin ke shirya wa baƙinta a daren Kirsimeti. Faranti a kan faranti, cokula jere kamar sojoji, kyandirori, kofunan gilashi suna walƙiya. A gefen kowane faranti kuma ga wani ɗan akwatin azurfa, bai fi akwatin ashana ba, an ɗaure shi da jan ribon. A zamanin matar kyauta ce ga baƙi. Yanzu baƙin duk sun zama ƙasa, akwatunan sun zama kayan tarihi, Safiatou ke goge su ɗaya-ɗaya ta ɗaura musu ribon da hannunta kowace shekara. Ba ta ƙara komai a teburin ba, ba ta rage ba. Yadda yake bara haka yake bana.

Aka ce kowa ya wuce ɗakin gilashi a sha shayi. Jama'a suka fara fita. Ni tsohuwa ce, ƙafata ciwo take, sai na tsaya kusa da Hajiya Fanna ina jan numfashi. Abin da na ce kawai, kuma ko a gaban alƙali zan maimaita, shi ne, “Kai, Turawa ma sun iya rabon biki. Dubi yadda aka ɗaure wa kowa nasa.” Na ja ƙafata na fita. Ban waiwaya ba. Na dai ji ƙarar zip.

Muna ɗakin gilashi, na kai kek na biyu, sai Safiatou ta leƙa ɗakin cin abinci daga bakin ƙofa. Kallo ɗaya ta yi. Ta ɗaga oba-oba ta yi magana. Nan da nan manajar ta shigo, wata doguwar Baturiya mai furfura, ta tafa hannu ta ce a yi haƙuri, akwati biyu sun bar teburin, kada kowa ya fita tukuna. Mutum sun kai sittin a wurin, Turawa, 'yan Jamaika, 'yan Meziko, kowa da iyalinsa.

Da Hajiya Fanna ta yi shiru a nan, ko ta ce wayyo na ɗauka kyauta ce, da abin ya zo da sauƙi. Amma tsoro ya kama ta, kuma mutum in ya tsorata tsohuwar hanyarsa yake bi. Ta miƙe ta nuna Safiatou da yatsa, ta faɗa da Turanci don kowa ya ji, ta sake faɗa da Hausa don ƙaninta ya ji.

“Ga wadda za ku bincika nan! Halinta ne tun tana yarinya. Sanusi, ka gani da idonka ko? Ba na gaya maka ba?”

Hidaya ta yunƙura, uwarta ta ɗaga mata hannu. Safiatou ta je gaban teburin shayi, ta juye aljihunanta biyu: makullai, carbi, tsumman goge azurfa. Ta ɗaga hannuwa sama ta juya a hankali. Ba wanda ya ce ta yi.

Mai gadin gidan, Abdulai, ɗan Zangon Kumasi ne, ya dawo daga ɗakin kyamara ya yi wa manajar raɗa. Sannan ya zo gaban Hajiya ya rusuna, da Hausarsu ta Gana wadda mace da namiji duk ɗaya ne, ya ce, “Hajiya, ka yi haƙuri, ka buɗe jaka.”

“Ni? Ka san ko ni wace ce?”

“Ban sani ba, Hajiya. Amma kyamara ya san ka.”

Manajar ta ce dokar gida ita ce a kira 'yan sanda, sai fa in ma'aikaciyar da ta gayyato baƙuwar ta tsaya mata, ta sa hannu cewa kuskure ne. Ta ce a je ofis a yi maganar a keɓe. Alhaji Sanusi ya fassara wa yayarsa abin da ta riga ta ji. Mace mai shekara saba'in, a fitar da ita daga gidan nan tsakanin 'yan sanda biyu, gobe hotonta na yawo daga Bronx har Maiduguri.

Safiatou ta ce wa manajar, “An kira ni ɓarauniya a nan, a gaban iyalina. A nan za a buɗe.” Baturiyar ta dube ta, ta dubi Hajiya, ta ja da baya taku ɗaya.

Safiatou ta janye farantan kek gefe, ta share wuri a kan tebur. “Bismillah, Hajiya. Ni ba zan taɓa jakarki ba. Ke za ki zazzage da kanki. Ki kama ta gindi, kin san yadda ake yi.”

Ta zazzage. Kwalbar humra, goro a leda, maganin hawan jini, caja, fakitin sukari sun kai goma daga teburin shayin nan da muke tsaye, wani cokali mai tambarin otal wanda Allah kaɗai ya san shekarunsa a jakar, sai akwatunan azurfa biyu da jan ribon ɗinsu. Ɗaya ya gangara ya tsaya daidai gaban Hajiya Rafia.

“Na ɗauka kayan rabo ne,” in ji Fanna. Muryar ta koma ta 'yar tsako. “Wallahi na ɗauka rabo ne. Ɗayan ma Rafia na ɗaukar wa.”

“A'a, Yaya, ni ban aike ki ba,” in ji Rafia. Shekara talatin tana “haka ne, Yaya,” yau ta samu wata kalma.

“Na yarda, Hajiya,” in ji Safiatou. “Kin ɗauka kado ne, kyautar baƙi. Kuskure ne, kowa na yi. Amma da kika san suna jakarki, ni kika nuna.” Ta cire safar hannunta ta dama, yatsa bayan yatsa, ba gaggawa, ta kama wuyan hannun Fanna ta ɗaga. “Alhaji, matso ka ga wani abu. Ka dubi mahaɗin awarwaron nan. Zinare ne, amma da farar waya aka ɗaure shi. Ɗaurin ubana ne, hannuna ya yi shi. A kan wannan awarwaron aka zazzage min rigunan ciki a gaban mata arba'in. Ka tambayi yayarka inda ta same shi.”

Alhaji ya sa tabarau ya duba. Ya daɗe yana dubawa. “Yaya?”

Can zaure ɗan jirgin nan na ta busa.

“A aljihun akwatina na gan shi,” in ji ta. “Bayan sati biyu.”

“Ban ji ba, Hajiya. Ranar nan murya gare ki.”

“A akwatina na gan shi! Ba ke kika ɗauka ba!”

“Alhamdulillah. Sai dai mu kaɗai muka ji, ranar kuwa mata arba'in ne, sun gaya wa 'ya'yansu, 'ya'yan sun gaya wa nasu. Iya, ina wayarki?”

Wayata tana hannu tun tuni, na buɗe zauren matanmu na WhatsApp, mu ɗari biyu da sha ɗaya. Na danna na kai wa Hajiya Fanna baki. Ta dubi ƙaninta ko zai cece ta, ya kau da kai yana kallon ganye. Ta dubi Abdulai, ya dubi agogonsa. Ta faɗi sunanta, ta faɗi shekarar, ta ce Safiatou ɗiyar Habibou ba ta taɓa ɗaukar mata ko allura ba, ita ce ta yi mata ƙazafi. Farkon ɗauka tari ya ɓata, na ce a sake, don tarihi na son tsabta.

Sai da saƙon ya tafi, alamar ta nuna an fara saurare, sannan Safiatou ta mai da safar hannunta, ta ɗauki akwatunan ta duba su ta ko'ina, ta juya ga manajar ta ce, “Baƙuwata ce. Tsohuwa ce, ba ta san al'adar gidan ba. Zan sa hannu.”

Alhaji Sanusi ya cire hula ya share goshi ya mayar. Ya taka har gaban Harouna ya kama hannunsa da hannu biyu. “Malam Harouna, Asabar mai zuwa muna tafe, in kun yarda. Mu ne masu neman afuwa.”

Harouna ya ce, “To.” Angona ya matso ya cinye tazarar nan ta mutum biyu, har sai da na daka masa tsawa na ce ba a ɗaura ba tukuna, kuma ni ban sake shi ba.

Safiatou dai ba kyauta ta ci ba. Ranar Litinin manajar ta kira ta ofis ta ce ita ba yarinya ba ce, ta gane abin da aka shirya, kada a sake mai da mata gida kotu, kuma daga baɗi an daina cire igiya ko ranar iyali. Hidaya ma ta yi kwana biyu tana kumbure-kumbure, wai abin ya yi tsanani, matar tsohuwa ce. Uwar ta ce, “Ni yarinya ce lokacin, kuma da silifa na fita.” Yanzu in ta shiga gidan biki, matan da ke jan jaka su ne ke cewa Safiatou riƙe min wannan in yi alwala. Takan ce hannunta ciwo yake.

Watan Yuni aka yi bikin, a wani zaure a Morris Heights. Hajiya Fanna ta zo, don rashin zuwan ya fi zuwan muni, ta zauna can gefe da 'yar ƙaramar jaka, hannu ba awarwaro. Da aka zo rabon kaya, 'yan mata na zagawa da robobi masu hoton ango da amarya, sai uwar amarya ta tsayar da su. Ta ɗauki ɗaya da kanta, wadda ta ɗaura wa jan ribon tun daga gida, ta ratsa tsakiyar zauren, ta karɓi makirufo daga hannun mai sanarwa, ta durƙusa a gaban Hajiya da ladabi.

“Hajiya, wannan kam naki ne. Sa a jaka.”